Silin Gashi a Bakin Aska

Hannun hagun maigidana ba shi da gashi, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Wanzami ne, a nan yake gwada kaifin aska, gashin wurin ya gaji da tsirowa ana share shi har ya haƙura. Farkon kai ni gidansa a Agege na ɗauka ƙunar wuta ce ta yarinta, na yi ta tausayinsa a banza. Da muka saba na tambaye shi, sai ya ce ai hannun nan na askin manya ne kawai. Askar da za ta hau kan mahauci ko ɗan dakon goro, in ta kwashe gashin hannu ba ta ja ba, ta isa. Amma wadda za a ɗora a kan jariri ranar suna, hannu ba ya iya yi mata shaida. Ita sai silin gashin mace, mai tsawo, mai laushi.

Yana faɗin haka yana kallon kaina, ni kuwa na gane inda ya dosa. Ni haifaffiyar Agege ce. Kakana tsohon soja ne da ya ajiye kaki ya ƙi komawa Arewa, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce, 'yar masu sauke shanu daga jirgin ƙasa. Ban gaji farinta ba, ban gaji dogon hancinta ba. Abu biyu ta bar mini, gashi da saurin fushi. In na kwance kitso, gashin nan har tsakiyar baya yake sauka, ga santsi, har mai kitso tana ƙorafin yana zille mata a yatsu.

Mu mata ba ma wasa da gashin da ya fita a mataji. Tun ina ƙarama mahaifiyata ta ja mini kunne in riƙa tattara shi ina binnewa, don kada ya faɗa hannun wanda ba ya nufina da alheri. Saboda haka ranar da na fara zare sili na miƙa wa maigida da hannuna, ni na san abin da na ba shi, shi ma ya sani.

Ranar Alhamis bayan la'asar yake washi, tunda Juma'a ce ranar aski, sunaye kuma ba sa ƙarewa a unguwa. Zai shimfiɗa buzu a ƙarƙashin rumfar kwano, ya zazzage zabira, ya jera asake. Damshin ƙasar nan ba ya barin ƙarfe ya kwana lafiya. Askar da aka manta ba a goge ba, kafin gari ya waye tsatsa ta kama bakinta, don haka kowace tana naɗe cikin tsumma mai man alayyadi. Duwatsun washinsa biyu ne, mai kaushi na fitar da giɓi, da wani baƙi mai santsi da ya zo da shi tun daga garinsu a ƙasar Katsina, wanda ko yaranmu ba su isa su taɓa ba. Sai ya ɗiga ruwa, ya kwantar da aska a kan dutsen, ya tura ya dawo, ya tura ya dawo, ba ya dannawa. Ya ce mai danna aska gaggawa yake yi, gaggawa kuwa lanƙwasa baki take yi. In ya gama da dutse sai ya maƙala igiyar fata a babban yatsan ƙafa, ya ja ta ta miƙe, ya yi ta goga askar da baya-baya. Daga nan tafin hannu. Daga nan ya jiƙa farcen babban yatsa ya ja bakin askar a kai a hankali, yana saurare da fata, ko akwai inda za ta yi tuntuɓe.

Duk wannan ina madafi ina jin sa, ina kuma jira. Can sai in ji ya ce, "'Yar Fillo, kawo shaida."

Sai in goge hannu in fito da abin da na tara a mataji. Zai zaɓi sili ɗaya, ya riƙe bakinsa da yatsu biyu, sauran yana reto a iska. Ya kawo aska sannu a hankali, ba ja, ba sara, taɓawa kawai. In ta kai, sai ka ga rabin silin ya rabu ya sauka a kan buzu. In ba ta kai ba, silin ya lanƙwashe ya zame, sai ya koma kan dutse. Ranar da silin ya yanke kuwa akwai wani ɗan murmushi da yake yi, gefen baki ɗaya, wanda ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba a waje.

Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da wannan aiki fiye da duk abin da na iya a duniya. In na je gidan suna aka fito da jariri kansa tas yana sheƙi, mata suna cewa kai, wanzamin nan hannunsa da albarka, yaro ko motsi bai yi ba, sai in gyara zama in ƙara ɗaure ɗankwali. A raina ina cewa ku dai yabi hannu, amma gashina ne ya riga shi zuwa. Rabin yaran Zango, unguwarmu ta Hausawa, haka aka yi musu askin fari, har da waɗanda suka girma suka zama 'yan kamasho a tasha suna wuce ni ba gaisuwa.

Haka muka yi ta tafiya har yaranmu suka tasa, muka aurar da ta fari. A shekarun da sojoji ke dawowa daga yaƙin Bama ne abin ya faru. An haihu a gidan wani babban fatoman goro, gidan da maigida ya daɗe yana yi wa aski. Ya fita da sassafe da zabirarsa, amma tun hantsi sai ga shi ya dawo. Ya ajiye naman sunan da aka ba shi a bakin madafi, ya shige ɗaki, ko kokon da na dama bai kalla ba. A bakin famfo na ji labari. Wai askar ta ja, yaro ya tsandara ihu, har an ga jini kaɗan a bayan kunne. Wai kakar yaron ta ce a gaban mutane hannun wanzami ya fara tsufa. Na ajiye bokiti na ba wadda ta kawo zancen amsar da ta dace da ita, na dawo gida ina huci. Ko kusa ban kawo cewa da ni a cikin maganar ba.

Alhamis ta zagayo, ya daɗe a kan dutse fiye da kullum. Ya kira ni na kawo sili, ya taɓa, ya faɗi. Ban ga murmushi ba. Ya ɗauki guntun ya yi ta murza shi a tsakanin yatsu yana kallo.

Bayan 'yan makonni sunansa ya dawo, aka koma yabon hannunsa kamar da. Yana nan yana kirana ranar Alhamis, amma da na miƙa masa sai ya ce, "Je ki, tuwonki zai kama." Da fari na tafi. Na biyu na tafi. Amma tuwon da na shekara da shekaru ina tuƙawa bai taɓa kamawa ba don na tsaya kallon aska, me ya sa yanzu ya damu da shi? Wata Alhamis na shiga madafi na buga muciya a tukunya don ya ji, sannan na leƙo ta jikin ƙyaure.

Na ga ya tura gashina ƙarƙashin gefen buzu. Ya sa hannu can cikin zabira ya fito da kwalin ashana, ya buɗe, ya zaro wani abu da ban iya gani ba sai da rana ta haska shi. Sili ne, dogo, siriri, mai ruwan gemun masara. Ya riƙe, ya kawo aska, ya taɓa, ya faɗi. Sai ya yi murmushin.

Ban san lokacin da na fito ba, muciya a hannu, tuwo yana ɗiga.

"Malam, gashin wace ce wannan?"

Ya dube ni, ya dubi muciyar. Ya ce, "Ke dai ba a yi miki ɓoyo. Ajiye wannan tukuna."

Ban ajiye ba. Ya ce akwai wani kuku da yake yi wa aski, iyalinsa suna nan Agege, shi kuwa yana aiki a gidan wani Baturen reluwe a Ebute Meta. Shi ne yake tsinto masa a buroshin matar Baturen in ana share ɗaki.

"Baturiya?"

"Ko ganinta ban taɓa yi ba, wallahi."

"Ban tambaye ka ko ka gan ta ba. Nawa me ya yi maka?"

Ya laluba ya ɗauko wata tsohuwar aska da ya daina aski da ita, wadda yake yankan fata da gyaran farce da ita, dakusasshiya ce ko yaro ya sani. Ya zaro silina daga ƙarƙashin buzu, ya riƙe, ya taɓa shi da ita. Ya yanke. Ya zaro na Baturiya, ya taɓa. Ya lanƙwashe ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Ya ajiye askar a tsakaninmu.

"Furfura tauri gare ta," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Tsayawa take yi ƙyam, kowace aska ta kama ta. Gashinki bai yi laifi ba, girma ne ya zo masa. Ranar sunan nan shi ya ce mini aska ta kai, alhali da saura."

"Ashe ƙarya na yi maka."

"Ban ce ba."

"To don me kake ci gaba da karɓa?"

"In na daina, ki tambaye ni dalili, in ce miki me?"

Na tambaye shi inda yake kai wanda nake ba shi. Ya ce yana binne mini a gindin katanga, yadda ya ga ina yi. Na ce masa daga yau kada ya sake kirana, ni ba yarinya ba ce da za a ba ni wasa in yi shiru. Na koma madafi na tarar tuwon ya kama da gaske, na kwashe shi haka na kai masa, ya cinye. Da na kwance kitso washegari na ɗauki madubi na fita tsakar gida inda haske yake. Mai kitsona munafuka ce, ta daɗe tana gani ba ta faɗa ba.

Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, kuma irin wanda ba shi da inda za a sauke shi. Da mace ce a unguwa, na san yadda zan yi da ita. Zan bi ta ƙofar gidansu ina habaici, zan haɗu da ita a gidan biki in yi mata kallon da sai ta rasa inda za ta sa ƙafa. To wadda ba ta jin Hausa, ba ta ma san Allah ya yi ruwana ba, da wane baki zan yi mata? Tana can tana taje kanta tana zubarwa a ƙasa, ko binnewa ba ta yi, abin da ta yar ne ya kore ni daga gaban mijina. In na ji ƙarar dutse ranar Alhamis sai in ji kamar a ƙirjina ake gogawa. In ya yi shiru kuwa, na san me yake yi, sai in ƙara wa wuta itace ba gaira ba dalili har hayaƙi ya cika gidan.

Babu abin da ban gwada ba. Na wanke kai da karkashi, na shafa man shanu har ƙuda suna bina. Na zauna gaban madubi ina tsintar baƙaƙen da suka rage a ƙeya, na kai masa na ce ya gwada da tsohuwar askar nan a gabana. Ya gwada, don ya san in bai yi ba ba za a zauna lafiya ba. Wani silin ya ɗan zame, zuciyata ta yi tsalle, a taɓawa ta biyu ya yanke. Su ma baƙaƙen sun yi kauri, sun bi 'yan'uwansu. Na kwashe kayana na tashi.

Kukun nan kuwa, bawan Allah, shi ya sha sauran. Duk ƙarshen mako in ya zo ganin iyalinsa sai ya biyo aski, kwalin ashana a aljihu. Mutum ne mai fara'a, yana shigowa zai ce, "Uwargida, barka da gida, ya ɗawainiya?" Ni kuwa in amsa masa da hanci, in kawo masa ruwa a mafi tsufan kwanon da ke gidan. Bai taɓa gane laifinsa ba, har ya tambayi maigida ko ba ni da lafiya.

Akwai wata Bayarabiya maƙwabciyarmu da muke kira Iya, tana kai gari kasuwar Oyingbo. Tare muka tashi, ina jin yarenta, ita ma tana jin namu, sai dai har ta mutu ba ta raba namiji da mace a magana ba. Ita kaɗai na gaya wa. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhu. Da ta ga ban yi ba sai ta share hawaye ta ce, "To, mu je ka gan shi da idonka, hankalinka ya kwanta."

Na ce wa maigida zan raka Iya in sayo mataji da zare. Muka hau jirgin safe, tsakanin kwandunan goro da masu zuwa aiki Ijora, ni na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na sa zanen da na fi ji da shi, na zuba kwalli, na ɗaura ɗankwali ya rufe kaina ruf. Iya tana ta kallona tana girgiza kai. Da muka sauka a Ebute Meta muka bi ta bayan gidajen Turawan reluwe muna tambaya har muka sami kukun yana firar dankali. Ya miƙe a firgice, ya ɗauka wani abu ne ya sami iyalinsa. Na ce masa wucewa muke yi muka ce bari mu gaisa. Bai yarda ba, amma ya ba mu benci a inda shingen furanni ya yi 'yar kafa, ana hango barandar gidan.

Baturiyar tana zaune a kujerar kwance, an lulluɓa mata bargo a ƙafa da tsakar rana. Na zo da niyyar ganin mace, sai na ga ƙashi da fata. Wuyanta siriri, fuska ta yi ja tana saɓa, ga kwalbar magani a gefe. Gashin da ya hana ni sakat an tattara shi a ƙeya, ɗan ƙulli ne da bai kai lemon tsami ba, ana ganin fatar kai ta tsakaninsa.

"Zazzaɓi ne, tun zuwanta," in ji kukun a hankali. "Gashin zuba yake yi. Kullum da safe in Madam ta taje sai ta zauna ta tasa buroshi a gaba tana kuka. Oga ya rasa yadda zai yi."

Iya ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ah-ah! Wannan ne ya hana ka cin abinci?"

Ashe shi ya sa kwalin ashana ba ya ƙarewa. Na so in ji sanyi, ban ji ba. Na ji tausayinta, wannan gaskiya ne, mace a ƙasar da ba tata ba, ba uwa ba dangi, kanta yana ƙarewa a hannunta. Amma a ƙarƙashin tausayin kishin yana nan daram, har ya ƙaru. Nawa yana nan cike da kai, in na kwance har yanzu yana taɓa baya, amma ba shi da amfani. Nata da ciwo ke karkaɗowa shi ne abin ajiyewa a zabira. Ta ɗago kai ta hango mu ta kafar shingen, ta ɗaga mana hannu. Iya ta ɗaga mata. Ni na gyara mayafi na ce mu tafi kada jirgi ya bar mu, kuma har muka iso Agege ban tuna da mataji da zare ba.

Damina ba ta ƙare ba aka sa Baturiyar a jirgin ruwa aka mai da ita ƙasarsu. Kukun ne ya zo da labari, da kwali na ƙarshe, ko rabi bai kai ba. Ranar na ba shi ruwa a kwano mai murfi, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe ba sallah ba biki. Maigida ya dubi tuwon ya dube ni, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na ce amin, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, in dai a can za ta warke.

Ya yi ta tattalin abin da ya rage. Sili ɗaya sai ya yi gwaji da shi har ya gajarce ya gagara riƙewa. Ina lura da shi. Ranar da na ga kwalin a cikin shara na san an zo wurin. Bai neme ni ba, ni ma ban kai kaina ba. Ya koma ƙara wa asake lokaci a kan baƙin dutse da fata, yana gwadawa a hannu, yana tafiya gidan suna da addu'a. Ni kuwa duk Alhamis sai na taje kai na tara a gefen madubi, ko da za a tambaya.

Ana cikin haka 'yarmu ta fari ta dawo gida haihuwa. 'Yar fari ce, akwai kunya tsakaninmu irin ta gidan da na fito. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma tun da ta yi wayo gwaggonta ke yi mata kitso. Ta sauka lafiya, namiji. Dangin mijinta ma maigida ne wanzaminsu, saboda haka ba a yi wata shawara ba, shi zai yi wa jikansa askin suna.

Ana gobe suna, gida cike da mata ana daka, ya ja buzunsa can gefen katanga bayan la'asar. Aska ɗaya ya fitar, wadda yake ji da ita. Ina raba goro a faranti amma kunnena yana kan dutse. Na ji ya koma fata. Na ji ya yi shiru. Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba.

"'Yar Fillo, kawo shaida."

Na bar goron a warwatse. Na shiga ɗaki na ɗauko abin da na tara, na kai masa. Ya zaɓi sili, ya riƙe, ya taɓa. Ya faɗi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ta yi." Ya jawo tsumman alayyadi ya fara gogewa zai naɗe.

Daɗin da na ji a lokacin ba zan iya faɗarsa ba. Na tsaya a kansa ina jin kamar a ce duk matan da ke tsakar gida sun gani. Sai jaririn ya yi kuka daga ɗaki. Da safe ni na karɓe shi bayan wanka, na ga maɗigarsa tana bugawa a ƙarƙashin gashin nan mai kama da audugar rimi. A kan wannan za a ɗora askar da gashina ya ce ta yi. Na tsaya ina kallon tsumman yana zagaye ta. Ba wanda zai ce laifina ne in na yi shiru, shi ne wanzami, shi ya ce ta yi.

"Malam, dakata."

Na shiga ɗakin mai jego. Tana zaune a bakin gado, ta fito daga wankan yamma, kai a kwance ba ɗankwali. Ban taɓa tsayawa na dubi kan yarinyar nan da kyau ba sai ranar. Gashin mahaifiyata ne, nawa ne na da, baƙi wuluk, ya sauko mata har baya yana ɗigar ruwa.

"Ke, juya."

"Inna, lafiya?"

"Juya na ce."

Na sa yatsu a ƙeyarta na zaro 'yan silin da suka saki, na fita ban ƙara kallonta ba. Na miƙa masa. Ya karɓa bai dubi fuskata ba. Ya warware askar, ya riƙe silin, ya taɓa. Ya lanƙwashe ya zame. Ya sake taɓawa kusa da tsinin, ya sake zamewa.

"Da haka za ka ɗora ta a kansa?"

"Da kin koma wajen goro, sai in ƙara mata dutse," in ji shi. "Na ga kina tarawa duk Alhamis."

In zage shi, don me? In gode masa, da wane baki? Ya jawo baƙin dutse ya ɗiga ruwa. Ban tafi ba, na tsaya a nan har inuwar katanga ta rufe mu, yana turawa yana dawowa, ya koma fata, ya koma tafin hannu. Ya ɗauki wani silin nata ya riƙe. Askar ba ta gama isa ba ma na ga rabin ya rabu, ya yi lilo ya sauka.

Ya yi murmushi, ya ɗaga murya wajen ɗakin ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yan nan."

Ni na ɗauko, da hannuna, ba wanda ya aike ni, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Amma kishin da ya soke ni a tsaye a wurin ya shiga inda na Baturiya bai taɓa kaiwa ba. Ita jirgin ruwa ya ɗauke ta. Wannan kuwa ni na haife ta, tana kwance a ɗakina, kuma ni zan tashi da asuba in dafa mata ruwan wanka. Na juya na je na fara haɗa itacen.